Tururuwa a Cikin Rimot

A wani gari can, wata yarinya mai suna Tasalla ta ɗauki rimot ɗin wasan bidiyo na yayanta a ɓoye, hannunta duk danƙon alewa. Washegari maɓalli ɗaya ya ƙi aiki. Ta danna, shiru. Ta hura, shiru. Ta girgiza, shiru. Ga shi da yamma yayan zai shiga gasa.

Ta so ta ɓoye maganar, amma ta kasa. Ta je ta same shi ta ce, "Yaya, ni na taɓa, da alewa a hannuna."

Ya harare ta, ya kwance rimot ɗin. Sai ga tururuwa maƙil a ciki!

Ya ce, "Ɗauko auduga, mu sallami baƙinki kafin la'asar."