Luguden Inna

A can wani zamani, ambaliya ta ci wani ƙauye, mutane suka watse. Wata yarinya ta rabu da mahaifiyarta, kewa ta hana ta sakat.

Abu ɗaya ta riƙe. In Inna tana daka, takan cilla taɓarya sama, ta tafa sau biyu, sannan ta cafe.

Yarinyar ta riƙa bin ƙarar turmi gari gari. Ta saurara nan, ba Inna ba ce. Ta saurara can, ba Inna ba ce.

Rannan ta isa wani gidan biki, aka hana baƙi shiga. A bayan katanga mata sun fi talatin suna lugude, ga guɗa, ga kalangu. Ta zauna tana kuka.

Wata tsohuwa mai saƙar faifai ta ce, "Jikata, lafiya?"

"Kaka, Innata nake nema, amma hayaniya ta cika mini kunne."

Tsohuwa ta ce, "Ai duka kike saurare. Rufe ido, ki nemi abu ɗaya tak."

Ta rufe ido, ba ta ji komai ba sai hayaniya. Kamar ta tashi, amma ta daure. Tafi biyun nan kawai take nema. Sannu a hankali kalangu ya yi nisa, guɗa ta yi nisa. Can sai ta ji: taf, taf, dum!

Ta ƙwala kira, "Inna!"

A cikin gida, wata taɓarya ta tashi sama, ba a cafe ta ba.