Kwamfutar da Ba Ta da Lamba

Da yamma liƙis Injiniya Maradiaga ya aiki Yadira tsohon siton da ke bayan masaƙa. Aikinta a kamfanin shi ne bin diddigin kowace kwamfuta da manhajojin cikinta, ta manna mata lamba. Shekara da shekaru tana yi a matsayin 'yar wucin gadi. Kamfanin ya san yawan wayoyin da ke ƙarƙashin kowane tebur, amma har yau "ke yarinya" Injiniya yake ce mata, abin yana ci mata rai.

Akwai wata kwamfuta da kullum take amsawa a layin sadarwar kamfanin, ba lamba, ba mai ita.

"Nemo min ita, in ba ki aikin dindindin," in ji Injiniya. "In kin kasa, Juma'a ki kwashe komatsanki."

Tun ambaliyar da ta ci birninsu, San Pedro Sula, aka yanke wa siton wuta. Yadira ta bi wata shuɗiyar waya da fitilar hannu. Warin laka da ruɓaɓɓen yadi ya cika mata hanci.

Sai ta ji ƙugin fanka, can ƙasa-ƙasa. Sai ƙas, ƙas, ƙas, ana danna madannai.

Wani tsoho ne zaune, ya ba ta baya. Rigar ma'aikata ce a jikinsa, irin ta da, tana ɗigar ruwa. Allon kwamfutar da ke gabansa na haske, alhali filogin yana yashe cikin laka.

"Sannu, Baba," ta ce da raɗa. "Ta waye wannan?"

"Tawa ce, 'yata. Ƙidaya nake. Me suka ce za su ba ki?"

"Dindindin."

Ya yi dariya, ruwa na kurkura a maƙogwaronsa.

"Ni ma haka suka ce. Ranar ruwa suka turo ni in kwashe kayansu."

Ya juyo. Laka ce cike da ramin idanunsa.

Fitilar ta mutu.

Wani yatsa mai sanyi ya danna mata ƙeya, ya shafa, yadda take shafa lamba don ta kama.

Ta kwasa da gudu, tana karo da buhuna, har ta faɗo waje da rarrafe.

Washegari kwamfutar ta daina amsawa, Injiniya ya cika alkawari. A ranar kuma, da Yadira ta zo fita, na'urar bakin ƙofa mai kama ɓarayin kayan kamfani ta ɗauki kuka. Maigadi mai suna Don Tulio ya zazzage jakarta yana tsokana: "Me kika haɗiye, 'yar nan?" Bai ga komai ba.

Kullum haka, har ya daina dariya. Ƙafafunta kuma suka fara nauyi a bakin ƙofar, yau ya fi jiya.

Ta kai kuka wurin Injiniya, ta ce ta haƙura da aikin. Bai ko ɗago kai ba.

"Kayan kamfani ba sa ajiye aiki," ya ce. "Ja min ƙofar."