Brina Mai Fakewa a Bayan Ƙawaye

Brina yarinya ce mai son tseren keke kamar ranta. Burinta ɗaya ne. Tana so ta zama 'yar tsere kamar kawunta Lovro, wanda ya ci abinci da keke shekara da shekaru. Yanzu shi ke horar da yaran kwarin Vipava.

Wata rana Kawu Lovro ya tara 'yan matan ƙungiyar.

"Ƙarshen wata akwai gasar yara ta ƙasa," in ji shi. "Zan yi muku gwaji sau uku, mutum uku zan ɗauka. Wadda ba ta shiga ba, sai baɗi."

Kowa ya san iskar kwarin nan. In ta taso, na gaba ke shan wuya, na baya yana fake. Shi ya sa ake karɓa-karɓa. Ka ja gaba kaɗan, ka koma baya ka huta.

Ranar gwajin farko, Brina da ƙawayenta Tinkara da Polona suka tsere wa sauran. Tinkara ta ja, Polona ta ja. Sai Polona ta kaɗa gwiwar hannu.

"Brina, zo ki karɓa!"

"Wayyo ƙafata! Ba zan iya ba."

Ƙafa kuwa lafiyarta ƙalau. Ana hango layin ƙarshe, sai ga mai ciwon ƙafa ta fito kamar kibiya. Ita ta zo ta ɗaya.

"Sannu, gurguwa," in ji Polona tana haki. "Wane likita ya duba ki a hanya?"

"Wayo ma ai ƙarfi ne," in ji Brina.



A gwaji na biyu, su ukun suka sake yin gaba. Amma sai Tinkara ta rage gudu.

"Mu ja ki, ke ki cinye? Ba da mu ba!"

Polona ma ta ƙi. Suna ta kallon-kallo, sauran yara suka zo suka wuce su. Brina ta zo can a wutsiya.

A gida ta kasa cin miyar wake da kabeji, ga shi tana sonta. Tsoro ya kama ta sosai. Gwaji ɗaya ya rage.

"Kawu, mugunta suka yi mini," ta ce da Kawu Lovro.

"Su suka fara?"

Brina ta sunkuyar da kai.

"'Yata, na yi tsere da masu gudu iri-iri. Wanda ba a yarda da shi ba, ba ya daɗewa a ƙungiya. In kin je gasar ƙasa, wa zai tare miki iska?"

Washegari a makaranta ta sami ƙawayenta.

"Ƙarya na yi. Ku yafe mini."

"Baki ba ya tuƙa keke," in ji Tinkara. "Sai mun gani a hanya."

Ranar gwajin ƙarshe iska ta taso da ƙarfi. Ba wanda ya kira Brina. Da kanta ta wuce gaba, ta duƙa, ta yi ta ja har cinyoyinta suka ɗau zafi. Ba ta waiwaya ba. Can ta ji muryar Tinkara.

"Ya isa haka, koma baya ki huta!"

Haka suka yi ta karɓar juna. Tinkara ta zo ta ɗaya, Polona ta biyu. Brina ta zo ta uku da ƙyar, wata yarinya na dab da tayarta.

"Tinkara, Polona, Brina," in ji Kawu Lovro. "Ku shirya jakunkunanku."

Brina ta zauna a gefen titi tana dariya. Ta gane cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wanda ya huta a bayan abokansa, dole shi ma ya shiga gaba su huta.