Madafar Inna Kulu

Ranar da Ikram za ta fara girki a gidan mijinta, da rawar jiki ta tashi. Tun da aka kawo ta wannan tsohon gida na Dukawuya, daga gidansu ake aiko mata abinci a kuloli kamar kowace amarya, don haka ko leƙa madafar gidan ba ta taɓa yi ba. Angonta Nazeer, malamin sakandare, ya fita yana tsokanarta wai yau zai ga ko digirin nata ya haɗa da tuƙin tuwo. Gidan kuwa daga su biyu sai mahaifiyarsa, Inna Kulu, tsohuwa mai sanyin magana.

Ikram ta rungumi sabuwar tukunyarta, ta tura ƙyauren madafar.

Wari ne ya fara yi mata maraba, wani irin tsami haɗe da ƙarni, har cikin ƙwaƙwalwa. Bango baƙi ƙirin, kunkunniya tana reto daga azara kamar gemun bunsuru. Ta ɗaga ƙafa, silifas ɗinta ya ƙi biyo ta saboda danƙon daɓen. Kyankyasai suna ta safa da marwa a kan kantar kwanuka, ko gezau ba su yi da ganinta ba. Gefen buhun gari kashin ɓera ne kamar an barbaɗa habbatus-sauda. Tsautsayi ya sa ta ɗaga murfin wata tukunya – tsutsotsi ne farare ƙal suna mutsu-mutsu a cikin ragowar miyar kuka!

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Sai a lokacin ta tuna. Jiya-jiyan nan Inna ta kawo mata dambu da hannunta, ita kuma ta cinye har da suɗe cokali. Da gudu ta isa bakin kwata, ta dinga kelaya amai kamar za ta amayar da hanjinta. Tana kuka ta kira mahaifiyarta a waya.

Kafin azahar Hajiya Bahijja ta iso daga Ƙofar Na'isa. Ta leƙa madafar, ta toshe hanci da mayafi, ta ja da baya.

"Tir! A nan za ki dafa abin da za ki kai bakinki? Ke da na raina da tafasasshen ruwa? Dama sai da na ce ban son zaman gidan gado, kika nace ke sai Nazeer. To, ki gaya masa: ko ya kama miki fulat, ko ya rushe wannan juji ya zuba tayil da kabinet, ko ki dawo ɗakinki. Ba gajiya muka yi da ke ba!"

Da la'asar Nazeer ya shigo da fara'arsa, ya tarar da amarya ido jawur. Ta zayyana masa saƙon Umma, ta ɗora da nata.

"Wallahi akurkin kaji ya fi shi tsabta! Yaya za a ce mutum da hankalinsa yana rayuwa cikin wannan ƙazanta –"

"Ikram!" Bai taɓa daka mata tsawa ba sai yau. "Uwata ce fa! A wannan madafar aka dafa abin da na ci na girma har kika gan ni kika so."

"To ka je ka gani mana! Ka taɓa shiga?"

Tun da ya girma bai taɓa ba. Daga tsakar gida suka ji buta ta faɗi, sannan takun tsohuwa a hankali zuwa ɗakinta. Inna ta ji komai.

"Ɗan abin da na tara ko rabin tayil ba zai saya ba," in ji Nazeer. "In kicin kika aura, ga hanya nan."

Washegari sai ga Anti Hajo, yayar Nazeer, matar wani ɗan kasuwa, ta shigo ƙamshin turarenta ya riga ta sallama. Ta tsaya a tsakar gida tana ɗaga murya yadda amarya za ta ji.

"'Yar boko ta zo ta raina mana uwa! Mu nan duk wanda ka gani, tuwon Inna ne a jikinsa."

Inna ta dama mata fura ta miƙo. Ta bayan labule Ikram tana kallo: Hajo ta karɓa da yatsu biyu, tsohuwa na juya baya ta tuttule furar a kwata, ta goge hannu da tishu, ta zaro ruwan roba daga jakarta ta sha. Sannan ta ja ƙanenta gefe.

"Na sha gaya maka, a sayar da kangon nan a raba wa kowa gadonsa. Inna ta koma ɗakin baya a gidana, kai kuma ka kama wa matarka fulat. Shi ke nan, kowa ya huta."

Ikram ta saki labule. Ta ji gidan duka ya fice mata daga rai. Suna fita ta haɗa kayanta a akwati, ta yafa mayafi.

Hanyar zaure ta gaban madafa take. Ta so ta wuce, sai ta ji ƙarar gurza. Inna Kulu ce durƙushe da tsumma da bokiti, tana dirzar bango. Wuri ɗaya take ta dirza, inda ya riga ya fita, alhali dab da hannunta ga dauɗa jingim ba ta taɓa ba. Wani ƙaton kyankyaso yana tafiya a bakin bokitin, ta tsoma hannu ta gefensa ba ta kore shi ba. Can ta ɗago fuska daidai inda Ikram take tsaye, idanunta suka wuce ta kamar ba kowa a wurin.

Tun zuwanta gidan, kai a sunkuye Ikram take gaida surukarta, ba ta taɓa kallon ƙwayar idonta ba. Yau ta kalla. Wani fari-fari ne ya lulluɓe baƙin. Ta ɗaga hannu ta kaɗa a gabanta. Ko ƙiftawa tsohuwar ba ta yi ba.

"Inna..." Akwatin ya suɓuce daga hannunta. "Inna, ba kya gani?"

Tsohuwa ta zabura. Ta lalubo gefen zanen Ikram ta riƙe.

"Rufa min asiri, 'yar nan, Allah Ya rufa miki. Tun bayan rasuwar Malam, mahaifinsu, abin ya faro kamar hayaƙi, yanzu sai inuwa nake gani. Gidan nan ƙafata ta san shi, hannuna ya san mazaunin kowane ludayi, shi ya sa ba wanda ya gane. In Hajo ta ji, ta samu hujjar fitar da ni. A ɗakin bayan nan nata ko banɗaki ba zan iya kai kaina ba." Hawaye suka gangaro mata. "Jiya na ji abin da kika ce. Ni Kulu, da maƙwabta suke cewa ko a ƙasan madafata aka zuba tuwo za a ci! Ashe haka na koma ban sani ba?"

Ikram ta zube a kan daɓen nan mai danƙo, ba ta ko tuna atamfarta ba, ta fashe da kuka.

"Ki yafe min, Inna! Wallahi ban sani ba!"

"Gaskiya kika faɗa, me zan yafe?"

"Anti Hajo ba za ta ji daga bakina ba. Amma ɗanki dole ya sani, ki bar ni in gaya masa."

Da Nazeer ya dawo, hannunsa ta kama ta shigar da shi madafar ya gani da idonsa, sannan ta faɗa masa. Ya dafa bango, ƙato da shi, yana kuka kamar yaro.

"Kullum da safe ina durƙusawa in gaishe ta, Ikram. Kullum! Sauri nake kada in makara."

Likita ya ce yanar ido ce, kuma aikin tiyata zai cire ta, sai dai a jira layi. Kusan duk abin da Nazeer ya tara can ya tafi. Ɗan ragowar da ya dawo da shi, kunyar nuna wa matarsa ya ji.

"Ya isa mu gyara madafar da kanmu," in ji Ikram. Ta buɗe wayarta tana nuna masa hotuna. "Ka ga, yanzu masu kuɗi ma irin na da suke nema, retro ake ce masa. Mu kuwa orijinal muke da shi, dauɗa ce kawai ta rufe. Kuma ko kabinet ɗin kyauta aka ba mu ba na so, Inna za ta ɓata a ciki."

Faɗa da baki ya fi aikin sauƙi. Ta ɗaure hanci da ɗankwali, shi ya hau tsani yana kankare kunkunniya tana zubo masa a ka. Da suka ja randa, sai ga mushen ɓera ya kumbura a bayanta. Ikram ta fita ta yi amai, ta kuskure baki, ta dawo. Ƙarƙashin kantar gidan kyankyasai ne kaka da jikoki, da aka fesa magani sai da suka cika abin kwashe shara. Akwai wata kwalbar man ja da ta yi gashi, akwai daddawar da ta zama ƙasa. Abinci ya daina shiga cikinta, soda ta cinye mata hannu.

Ana cikin haka Hajiya Bahijja ta kira.

"Aure na kai ki ko aikatau? In ba ki taho ba, kada ki sake kirana!"

"Umma, don Allah ki saurare ni, akwai dalili –"

Ƙit, ta kashe. Ikram ta kifa kai a kafaɗar mijinta ta yi kuka mai isarta. Kullum da safe sai ta tura wa Umma gaisuwa, ko ba a amsa ba.

A hankali madafa ta fara bayyana. Cikin wani tsohon kabad suka tono kayan auren Inna: kwanonin langa masu jajayen furanni, tasoshin tagulla, da akushi baƙi sumul. Toka da tsamiya kawai Ikram ta sa, tasoshin suka dawo suna ɗaukar ido. Magini ya fasa taga, ya shafe daɓen da siminti, ya gyara murhu, aka ajiye ƙaramin gas a gefensa. Nazeer ya shafe bango da farar ƙasa, ya ja shuɗin fenti daga ƙasa zuwa ƙugu irin na gidajen da. A Kasuwar Kurmi suka sayo faya-fayai masu launi aka jera a bango, da sababbin ƙore da ludaya. Inna tana zaune a kujerar tsugunno tana ba da umarni.

"Maburgi a hagun ƙofa yake, Amarya. Muciya kuma saman randa."

"An mayar, Inna. Taɓa ki ji."

Layin aiki ya zo, aka yi lafiya. Da labari ya isa kunnen Hajo, sai ta kama faɗan don me aka ɓoye mata. Ranar da aka cire bandeji ta riga su isowa gidan, ta faɗa madafa ta saki baki.

"Kai! Wannan ai sai a Instagram!" Ta ɗauki selfi ta kowace kusurwa. Sannan ta waiga, ta ga Nazeer ya shigo da Inna sanye da baƙin tabarau. Ta sauke tasoshin tagulla biyu a hankali tana cusawa a jaka, tana yi wa Ikram alama da ido ta yi shiru.

"Ajiye su, Hajo," in ji Inna. "Ina ganinki."

Tasa ta faɗi ƙasa, ƙararta ta cika gidan.

"Gidan nan kuma ba na sayarwa ba ne muddin ina numfashi. In kin zo gaishe ni, bismillah, ga tabarma."

Hajo ta zauna a kan tabarmar.

Ana haka sai ga sallamar Hajiya Bahijja. Nazeer ne ya je har gida ya durƙusa ya ba ta labarin komai, ta zo dubiya da 'ya'yan itace. Ta tsaya a ƙofar madafar ta daɗe, ta kai hannu ta shafa wata langa.

"Irin ta mahaifiyata sak," ta ce a hankali. Ta juyo ga 'yarta, idonta ya ciko. "Kin fi ni hankali, Ikram. Allah Ya yi miki albarka."

Inna Kulu ta zare tabarau, ta kalli farin bango, ta kalli kayan aurenta a jere, sannan ta ce, "Ina Amaryar? Matso kusa." Ta tallafi fuskar Ikram da hannu biyu, ta ƙura mata ido, ta sauko kan tafukan da soda ta farfasa.

"Ashe haka kike da kyau? Auta, ka iya zaɓe. In ka sake daka wa yarinyar nan tsawa, ni da kai ne!"

Aka sa dariya, har da masu hawaye. Nazeer ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya saci kallon matarsa, ita ma ta sata.

Haka Ikram ta ci ribar haƙurinta: mijinta ya ƙara riƙe ta da daraja, ta samu uwa ta biyu, ta kuma dawo da albarkar ta farko. Dauɗar bango toka da ruwa suna fitar da ita, ta zuciya ce sai an tuba. Kafin ka toshe hanci ka yi tir da halin da ka tarar da mutum, tsaya ka tambayi abin da ya kai shi. Masu iyaye tsofaffi kuma, gaisuwar tsaye ba ta isa ba – ku zauna, ku dubi idonsu.