Mai Awo da Dutsen da Ya Rage Nauyi

A wani zamani an yi wani mai awo da ake taƙama da sikelinsa. Wata rana Dagaci ya sa shi ya auna dutsen farar ƙasa, awo hamsin, aka ba wata tsohuwa ta gasa domin shafen masallaci. Da ta kawo, ya auna, sai ashirin da takwas.

"Iya, ina sauran?"

"Ɗan nan, wuta ta ci."

"Wuta ba ta da baki," in ji shi. Dagaci ya ce sata ta yi, gobe ta bar garin.

Amma zuciyar mai awo ba ta kwanta ba. Ya auna hamsin, ya gasa da kansa, sai ashirin da takwas. Ya auna ashirin da biyar, ya gasa, sai goma sha huɗu. Ya ce a ransa, wane ɓarawo ne yake sata daidai haka?

Sai ya gasa ɗan gutsure a tulu mai dogon wuya, ya ɗaure salka a bakin tulun. Salka ta kumbura tim. Ashe sauran bai ɓata ba, iska ya zama.

Da safe ya tarar tsohuwa ta ɗaure kayanta, jama'a suna kallo.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Dagaci, "sikelina bai yi ƙarya ba, ni ne na yi gaggawa. Iya ba ta saci komai ba, wuta ce ta mayar da sauran iska."

Ya ɗauki ƙunshin tsohuwa, ya ɗora a kansa, ya mayar mata har ɗaki.