Fitilar Da Ke Bin Kwana

Jif biyu ne a gabanta, dukansu baƙaƙe, kamfani ɗaya, shekara ɗaya, kuma Auta ta fi minti ashirin tana zagaya su ba ta ga abin da ya raba su ba. Ita likitar ido ce. Ba ta ido ta faɗa maka ciwonsa, amma mota sai dai ta shiga a ja ta.

Manajan wurin sayar da motocin yana biye da ita, turarensa na riga shi isowa. Ɗan aminin Babanta ne, kuma ya shekara yana aiko mata da gaisuwar da ba ta amsawa.

"Wannan ta dama ki ɗauka," in ji shi. "Babban aji ce, ful-ofshan. Kujerun fata masu sanyaya baya, rufin gilashi, talabijin a bayan kujera. Waccan matsakaiciya ce, ba ajin Baba ba ce."

"Fitilar nake tambaya. An yi wa Baba aikin ido, da magariba ta yi ba ya ganin gefen hanya sosai. Wadda fitilarta ke bin kwana nake nema."

"Babban aji ai komai akwai."

Wayarsa ta yi ƙara, ya nufi ofis yana magana. Sai wani ya ɗago daga cikin injin motar da ke gefe, dogo, da sukudireba a bayan kunne kamar biro. Ya goge hannunsa ya dubi ƙasa kafin ya dube ta.

"Malama, ki yi haƙuri, na ji zancenku. Tsoho za a saya wa?"

"Mahaifina."

"To za ki ba ni minti biyar?"

Ya shigar da motocin cikin gareji ɗaya bayan ɗaya, ya ja ƙofa, wurin ya yi duhu. Ya tayar da ta hagu, matsakaiciyar. Hasken ya sauka kan bango, ya yi ƙasa, ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya dawo ya tsaya. Ya tayar da ta daman. Haske fari tas, amma ko motsi.

"Wannan babban aji ce da gaske," ya ce. "Sai dai ta taɓa buguwa ta gaba, aka sa mata fitilun da ba nata ba. Waccan kuma mai ita na farko ya ƙara mata fitila mai juyawa tun daga kamfani, na duba lambarta a kwamfuta. Ba ta da talabijin, ba ta sanyaya baya. Amma tana gani."

"Maigidanka ya san kana yi wa masu saye wannan bayanin?"

"Zai sani yau."

Ta yi dariya, ba ta shirya ba. A wurin, Mai Fitila ake ce masa, shi ne mai gyaran wayoyin mota. Ta karɓi lambarsa, wai ko motar za ta ba da matsala.

Matsakaiciyar ta saya. Kafin mako ya zagayo Manaja ya sallami Mai Fitila daga aiki.

Ranar da ta ji, ta tura masa saƙo: "Na ji abin da ya faru. Ni na jawo maka, ka yafe ni."

Amsa ta zo: "Likita, bakina ne ya jawo min, ya saba. Na kama 'yar rumfa kusa da masu fenti. Motar Baba lafiya?"

"Lafiya lau."

"Kash. Da ta ɗan yi tari, in samu dalilin ganinki."

Motar ba ta yi tari ba, amma dalili bai yi wuyar samu ba. Wata uku ana haka. Takan biya ta rumfar bayan ta tashi daga asibiti, ta zauna kan kujerar motar da ya ciro ya jingine a bango, yana haɗa waya ja da shuɗiya tana ba shi labarin marasa lafiyarta. Shi ya fara ce mata Kyakkyawa, ita kuma Injiniyana.

"Ba ni da digirin injiniya fa," ya ce.

"Ni na ba ka. Akwai mai ƙwacewa?"

Umma ce ta fara ganewa, don ta ga 'yarta tana wa waya murmushi har abinci ya huce. Ita ta kai maganar gaban Baba.

Baba shekara talatin da biyu ya yi yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, bai taɓa goga ta a jikin komai ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya ji wannan. A harkar mota ba ya karɓar gyara. Ya saurari Umma, ya ce zai yi bincike. Wurin binciken kuwa ofishin Manaja.

Da ya dawo, ya kira Auta garejin gida, ya rufe ƙofa, ya tayar da jif ɗin ya kunna fitila.

"Tsaya nan ki kalli bango."

Ya murza sitiyari har ƙarshe hagu. Tayoyi suka yi ƙara a siminti, hasken bai gusa ba. Ya murza dama. Yana nan inda yake.

"Ina bin kwanan?"

"Baba, ai da ka tayar da ita ta motsa..."

"Wannan rawar da take yi in an kunna, Manaja ya ce kowane mai gyaran wayoyin mota zai iya haɗa ta. Yaron nan ya ga 'yar mutane da farar riga, ya kushe motar maigidansa don ya samu shiga. Wanda ya fara miki da ƙarya a kan fitila, a kan me zai faɗa miki gaskiya? Kar ya turo min kowa."

Ta tsaya tana kallon bangon. Da idonta ta gani, kuma ita ba mai musu da ido ba ce.

Kwana huɗu Mai Fitila yana kira ba ta ɗauka. Saƙonninsa suka taru, ba ta buɗe ba sai na ƙarshe, wanda ya fito a fuskar wayar: "Kyakkyawa, in laifi na yi, faɗa min sunansa. Ko mota sai ta nuna alama kafin a buɗe ta."

Rana ta biyar tana ɗakin gwaji, ta ce a shigo da na gaba. Sai ga shi da katin asibiti a hannu, ya sa riga mai guga, ya bi layi tun safe.

"Me ke damun idonka?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Kwana huɗu bai ga abin da yake so ba."

"Zauna. Karanta layin ƙasa."

Ya karanta tsaf, har 'yan ƙananan. Sai ta ajiye biro ta faɗa masa komai: garejin, sitiyarin, bangon. Ya dafe kai.

"A tsaye ya gwada?"

"A tsaye."

"Laifina ne, ban faɗa miki ba. Ba ta juyawa sai mota na tafiya. Haka aka yi ta, don kar mutum yana tsaye ya dalle idon na gabansa. Baba bai taɓa lura a hanya ba?"

"Na hana shi tuƙi bayan la'asar sai idon ya gama warkewa."

"To kin gani. Da rana wa zai ga haske na juyawa?" Ya sauke hannunsa ya dube ta. "Amma ke ma kin yarda na yi miki ƙarya."

Wannan ta fi komai yi mata zafi, don gaskiya ce.

"Na yarda da bango," ta ce a hankali. "Ka yi haƙuri, Injiniyana."

"Na haƙura tun ina kan layi. Sai dai Baba ba zai saurare ni ba."

"Ba zai saurari kowa ba. Sai abin da ya gwada da hannunsa."

Tana faɗin haka tana kallon taga, inda motoci ke gangarawa wurin ajiye motoci na ƙarƙashin asibitin. Hawa uku ne a ƙasa, hanyar tana murɗawa kamar dodon koɗi, kuma ko da tsakar rana sai da fitila.

Ranar Talata Baba yake da ganin likita. Ya tuƙo motar da kansa da hantsi, Auta a gefensa, Umma a baya. Manaja ma ya biyo su a babbar jif ɗin da har yanzu ba ta sayu ba, wai ya zo duba Baba, ya kuma ce in Baba yana so a musanya masa.

"Baba, yau sama a cike take," Auta ta ce a bakin ƙofa. "Mu sauka ƙasa."

"Ga wuri can."

"Na manyan likitoci ne."

Umma ta yi tari a baya, irin tarin da ba na mura ba.

Baba ya kunna fitila ya kama gangara. Kwanar farko ya murza sitiyari, sai hasken ya riga motar shiga kwanar, ya haska ginshiƙi da jan bokitin yashi da ke gindinsa. Kwana ta biyu hasken ya sake zamewa hagu, a hankali, kamar mai leƙa ɗaki. Baba ya rage gudu. A hawa na uku ga wurare birjik, amma ya wuce su, ya zagaya ya hau sama, ya sake gangarowa.

"Malam, lokacin ganin likita fa yana wucewa," in ji Umma.

"Bari, ina aiki."

A saukowa ta biyu ya tsaya ya fito. Manaja yana gangarowa a bayansu. Baba ya harɗe hannu yana kallo: a kowace kwana hasken babbar jif ɗin bango yake duka, hanyar kuma tana cikin duhu. Da Manaja ya iso ya sauke gilashi yana murmushi.

"Baba, ka ji sanyin kujerar nan kuwa?"

"Na gode, ɗana. Bayana lafiyarsa ƙalau, idona ne ke ciwo. Ka gaida mahaifinka."

Suka shiga lif. Sai da suka kusa hawan su Baba ya gyara hula, yana kallon lambobin da ke canzawa.

"Yaron nan, a kan wannan maganar aka kore shi?"

"A kanta, Baba."

"Shekara talatin da biyu ina tuƙi," ya ce, sai kuma ya tsaya. Umma da Auta suka jira sauran, don sun haddace shi. Bai ƙarasa ba. "Ki ce masa ina nemansa. Ya zo shi kaɗai tukuna, akwai abin da zan faɗa masa wanda ba na so manyansa su ji."

Ta rubuta wa Mai Fitila saƙo: "Injiniyana, Baba ya sauka sau biyu. Yana nemanka gobe. Ka cire sukudireban daga kunne."

"Kyakkyawa, yau ko waya ɗaya ba zan iya haɗawa daidai ba. Allah ya bar min ke."

Abin da Baba ya faɗa masa a falo, har yau babu wanda ya sani. Umma dai ta rantse ta ji kalmar haƙuri, kuma ba daga bakin yaron ta fito ba.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, abokan ango suka jero motoci, Baba ya ce duk su bi bayansa, shi zai kai 'yarsa. A ƙofar sabon gidan ya kashe mota, ya juyo ya dube su su biyu a kujerar baya.

"Na taɓa yanke maka hukunci ban bincika yadda ya kamata ba," ya ce wa angon. "Kar ka yi mata haka. Ke ma kar ki sake yi masa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Suka amsa da amin. Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan hannunta. Angon ya buɗe mata ƙofa, ya miƙo hannu.

"Sauko, Likita. Mun iso gida."