Akwatin Matan Fadama

"Habibu ne ya sace shi! Tashi ka kamo mini shi tun bai sayar ba!"

Da wannan Inna Zalika ta faɗa komisariyar Gaya, ofishin 'yan sanda, ranar Talata da hantsi, ko sallama babu. Ɗan sanda Abdulhakim ya ajiye kofin shayinsa.

"Inna, me aka sace?"

"Akwatin tele mana! Kai kaɗai ne ba ka ji ba?"

Inna Zalika ce shugabar matan da ke noman shinkafa a fadamar bakin kogi. Watanni uku ke nan da aka kashe tsohuwar hanyar kallon tele, aka ce sai da wani ɗan akwati, dekodar. Magajin gari ya ba ƙungiyarsu guda ɗaya, suka ajiye a ɗakin taro, don ƙaramar tashar garin tana da sharaɗin karanta sanarwar hawan ruwan kogi kyauta, da Hausa da Dendi. Yanzu ga dammunan shinkafarsu jibge a fadama suna shan iska, ga ruwa na tafe daga sama, kwana huɗu babu mai gaya musu ranar isowarsa. Ba a yi taro ba sai yau, shi ya sa sai yau ta gano akwatin ba ya nan.

Abdulhakim ya bi ta zuwa ɗakin taron. Kwaɗon ƙofa lafiya lau. Tele na nan, an yanke wayar anten, wato eriya, da wuƙa, yankan ma a karkace.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, sai Sumana mai gadi. Habibu kuwa ba ya buƙatar makulli, hannunsa ma makulli ne."

Suka samu Habibu mai gyaran tele a rumfarsa. Abdulhakim ya nuna masa guntun wayar. Habibu ya juya ta, ya tuntsire da dariya.

"Inna, ki ce ni ɓarawo ne, zan haƙura. Amma kar ki ce ni na yi wannan yankan. Murɗawa ake yi ta fita. Ina komandinsa, abin latsawar nan?"

Inna Zalika ta kwance bakin zanenta, ta fito da shi. Ba ta taɓa barinsa a ɗakin ba, don maza na shigowa su canza tasha zuwa kokowa.

"To ɓarawonku ya shiga uku," in ji Habibu. "Wannan akwatin ba shi da maɓalli a jikinsa. Tashar da aka bar shi, ita zai yi ta kallo har ya tsufa."

"A tashar sanarwa na bar shi," in ji ta. Ta dube shi sama da ƙasa. "Na janye, ɗana. Amma gyaranka da tsada, wannan ban janye ba."

Daga nan sai teburin Alassan mai shayi, inda maza suka cika benci suna kallon kokowa, don lokacinta ne.

"Alassan, da me kake kamo wannan?" in ji Abdulhakim.

Alassan ya nuna farantin da ke kan rufinsa. "Da wancan, yallaɓai. Benin, Najeriya, Yamai, duk yana kawowa. Tashar Gaya ce kawai ba ta ciki."

"Yaushe ruwa zai iso fadama?" Inna Zalika ta jefa masa.

"Wane ruwa? Inna, ni ruwan butata na sani."

Abdulhakim ya ce saura Sumana, a kira shi ofis. Ta ce a'a, su tafi fadama. Wanda akwatin ke hannunsa, ko yana so ko ba ya so, ya san abin da sauran manoma ba su sani ba.

Fadama shiru, dammuna a jere, kowa na jiran ƙarshen mako kamar yadda aka saba. Mutum ɗaya ne tak ke aiki da tsakar rana: Sumana, gumi sharkaf, yana loda shinkafarsa a amalanken jaki.

"Sannu da aiki, Sumana. Wannan sauri fa? Ba ta gama bushewa ba."

"Yaya Zalika, gara haka. Jibi ruwa zai iso, santimita arba'in."

"Santimita! Kai da ke auna ruwa da gwiwa da ƙugu? A ina ka ji?"

"A rediyo."

"Ƙarya kake. Kwana huɗu rediyona na kunne, ba a faɗa ba."

"To, a kasuwa."

"Wa ya faɗa a kasuwa?" in ji Abdulhakim, ya ciro biro.

Sumana ya dubi jaki, jaki ya dubi ƙasa. Da suka isa gidansa, ga sabuwar gora a tsaye bayan ɗaki da anten a kanta, ga akwatin a kan turmi an lulluɓe shi da tsumma.

"Wallahi aro na yi," in ji Sumana. "Kokowa nake so in kalla a kwance. Kwana huɗu ban ga ɗan kokowa ko ɗaya ba. Allurar yara, cutar awaki, ruwan kogi, sai kuma allurar yara. Na haddace."

Abdulhakim ya juya baya don kar a ga dariyarsa, sannan ya jera masa: ƙofa ba a fasa ba, mai makulli ne, yankan waya na wanda bai san aikin ba ne, sanarwa kuma daga bakinsa ta fito.

"Satar akwati na yafe," in ji Inna Zalika. "Amma ka ji ruwa na zuwa ka yi shiru, ka bar shinkafar mata ashirin da bakwai? Kai kuma ɗan sanda, kar ka rufe shi, ɗana. Jakinsa nake so."

Kafin la'asar labari ya zaga. Amalanke tara suka sauka fadama, na Sumana a gaba, mata na bin sa da waƙar tsiya da tafi. Ranar Laraba da yamma babu dami ko ɗaya a ƙasa. Ranar Alhamis ruwa ya shafe wurin.

Ranar Juma'a da safe Abdulhakim ya ɗaga kai, ya gan ta tsaye a ƙofa da sabon mayafi.

"Inna, ai an gama."

"An gama da ƙaramin. Tashi ka raka ni wurin mai tashar nan da magajin gari. Sanarwar da aka ce ta kowa ce, an cusa ta cikin akwati ɗaya, ɓarawo ɗaya ya isa ya toshe kunnen fadama gaba ɗaya. Matan garin Tanda da na Tunuga ko akwatin ba su samu ba. Wa ya ce a kashe tsohuwar tele kafin kowa ya samu? Ya fito ya tsaya gabana, ya faɗa mini da bakinsa, da Hausa!"